Babi na Shida: Jikin Matashi a Kan Mizanin Mutane

A shekarar 1689 wani likita mutumin Ingila mai suna Richard Morton ya wallafa littafi a birnin Landan a kan cututtukan da ke ƙarar da jikin ɗan Adam, kuma a cikinsa ya kawo labarin marasa lafiya biyu waɗanda al'amarinsu ya ɗaure masa kai, domin ya bincika bai sami tari a ƙirjinsu ba, bai sami zazzaɓi ba, amma duk da haka sun ƙaurace wa abinci har ƙasusuwansu suka fito fili. Ta farko budurwa ce 'yar shekara 18, wadda ta gaji da magani ta bar shi, ta rasu bayan 'yan watanni; na biyun kuwa yaro ne ɗan shekara 16, ɗan wani limamin coci, wanda ya sami sauƙi bayan likitan ya umurce shi da ya ajiye karatu, ya koma ƙauye, ya riƙa hawan doki yana shan madara. Watau tun ranar da aka fara rubuta wannan ciwo a littafin likitanci akwai namiji a cikin shaidunsa, kuma Sir William Gull, likitan Sarauniya Victoria, wanda ya raɗa masa sunan anoreksiya a 1873, shi ma ya ambaci cewa yakan gan shi jefi-jefi ga samari. Amma duk da wannan an shafe kusan ƙarni uku ana ɗaukarsa ciwon 'yan mata, 'yan matan ma na gidajen masu hali, har ya kasance a babban kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke dogara da shi wajen sanya wa cuta suna, ɗaukewar haila tana cikin sharuɗɗan ciwon ga mace har zuwa 2013 da aka soke sharaɗin. Da aka yi ƙidaya ta haƙiƙa a cikin jama'ar Amurka, aka buga sakamakonta a 2007, sai aka tarar kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu da suka taɓa fama da anoreksiya, ko 'yar uwarta bulimiya, namiji ne.

Wani dalilin da ya sa aka daɗe ba a ga samari ba shi ne ciwon nasu yakan zo da wata kama dabam. A 1993 Harrison Pope, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Harvard, shi da abokan aikinsa suka yi hira da maza 108 masu ɗaga ƙarfe don gina jiki, suka tarar 9 daga cikinsu suna da wani irin waswasi wanda yake kishiyar na mai anoreksiya: ita tana duba madubi ta ga ƙiba alhali ƙashi ne tsaye, shi kuwa yana dubawa ya ga ɗan tsurut alhali ƙato ne, har yakan sa manyan tufafi ko da ana zafi don kada a ga jikinsa, ya ƙi halartar taron da za a tuɓe riga, ya duƙufa kan sinadarin gina tsoka da ake kira sitiroyid. Bayan shekara shida Pope ya auna 'yan tsanar sojoji da ake sayar wa yaran Amurka, ya ƙiyasta girmansu da a ce mutane ne, sai ya ga ɗan tsanar 1964 yana da damtse irin na kowane lafiyayyen namiji, amma wani daga cikin na shekarun 1990 damtsensa ya wuce na duk wani mai ɗaga ƙarfe da aka taɓa aunawa. To, da irin wannan sura aka rene su, da ita kuma suka girma suna auna kansu.

Kafin mu shiga alƙaluman da wannan babi ya ginu a kansu, wajibi ne mu rarrabe abubuwa biyu da bakin jama'a ya saba cakuɗawa, domin wanda bai rarrabe su ba zai karanta sauran bayanin a karkace. Na farko shi ne karkatar sha'awa, watau ko zuciyar mutum tana karkata ga kishiyar jinsinsa, ko ga jinsinsa, ko ga duka biyun. Wannan kuwa abu ne na ɓoye, wanda ba mai saninsa sai mai shi da Mahaliccinsa, sai fa in ya faɗa. Na biyu shi ne sigar da mutum ke bayyana da ita a idon mutane, a muryarsa da tafiyarsa da motsin hannunsa da suturarsa da irin wasannin da yake so tun yana ƙarami, wadda a kanta ne ake cewa wane ya cika namiji, wane kuwa ya yi laushi, wance ta cika mace, wance kuwa sai ka ce namiji. Sau da yawa abubuwan biyu sukan haɗu ga mutum ɗaya, sau da yawa kuma sukan rabu. Malamanmu na farko sun san da wannan, domin Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan Hijira, a sharhinsa na Sahihu Muslim ya kasa namijin da ke da ɗabi'un mata kashi biyu, ya ce wanda aka halitta a haka, ba shi ya ƙirƙiro wa kansa ba, babu zargi a kansa kuma babu zunubi, zargi yana kan wanda ya ɗora wa kansa da gangan. A ƙasar Hausa ma, Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da 'yan daudu a Kano a shekarun 1990 ya kuma buga littafi a kansu a 2009, ya nuna cewa abin da ke sa a kira mutum da wannan suna shi ne salon maganarsa da sana'arsa ta girki da zamansa cikin mata, kuma da yawansu magidanta ne masu mata da 'ya'ya.

Mafi yawan abin da aka tabbatar game da alaƙar waɗannan abubuwa biyu da yadda matasa ke azabtar da jikinsu, daga Amurka ya fito, saboda a can ne aka daɗe ana yi wa yara tambayar a rubuce ba tare da sun sa sunansu ba. Tun 1991 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta ƙasar, mai mazauni a Atlanta, take raba wa ɗaliban sakandare takardar tambayoyi duk bayan shekara biyu, a kan shan taba da giya da faɗa da abinci da makamantansu. Wasu jihohi, irin su Massachusetts, sun ƙara tambaya a kan karkatar sha'awa tun a shekarun 1990, amma sai a 2015 aka sa ta a takardar ƙasa baki ɗaya. Sa'an nan akwai wani dogon nazari da masu bincike na Harvard suka fara a 1996, inda suka ɗauki yara fiye da 16,000 masu shekara 9 zuwa 14, 'ya'yan ma'aikatan jinya, suka bi su shekara da shekaru har suka zama manya. Abin da ya fi jan hankalina a cikin waɗannan takardu shi ne yadda aka tsara tambayar siga a inda aka yi ta, domin ba a ce wa yaro ya faɗi yadda yake jin kansa ba, an ce masa ya faɗi yadda yake tsammani sauran mutane za su siffanta shi, tun daga mai tsananin kama da mata har zuwa mai tsananin kama da maza. Wanda ya tsara tambayar ya gane cewa abin da ke aiki a jikin yaro shi ne idon da ake kallonsa da shi.

To, ga abin da aka samu. A 2014 Aaron Blashill da Steven Safren, masu bincike a Boston, suka haɗa amsoshin samari fiye da 17,000 na makarantun sakandare, suka tarar kashi 4 cikin ɗari na masu karkata ga mata sun taɓa amfani da sitiroyid ba da izinin likita ba, amma a cikin masu karkata ga jinsinsu ko ga jinsi biyu adadin ya kai kashi 21 cikin ɗari, watau yaro ɗaya cikin biyar. Tun kafin nan, a 2007, Matthew Feldman da Ilan Meyer sun yi hira da manya a birnin New York, suka ga fiye da kashi 15 cikin ɗari na maza masu karkata ga maza sun taɓa fama da wani nau'i na ciwon cin abinci, alhali a sauran maza bai kai kashi 5 ba. Game da 'yan mata kuwa, an daɗe ana zato cewa wadda ba ta damu da maza ba ta tsira daga sharrin neman siranta, tun da ba idon namiji take nema ba. Sai binciken Bryn Austin da abokan aikinta ya rushe wannan zato, domin sun ga amai da gangan da shan ƙwayoyin rage ƙiba sun fi yawa ga 'yan matan da ke karkata ga jinsinsu ko ga jinsi biyu a kan sauran 'yan mata, musamman ma masu karkata ga jinsi biyu. Mafi tsananin alƙaluma kuwa na waɗanda ke jin jinsin da aka haife su da shi bai dace da su ba ne: a wani nazari na 2015 da ya tattara ɗalibai kusan 289,000 daga jami'o'in Amurka 223, kusan kashi 16 cikin ɗari na waɗannan sun ce likita ya tabbatar musu da ciwon cin abinci a cikin shekarar da ta gabata, alhali a cikin sauran 'yan mata masu karkata ga maza, waɗanda a da ake ɗauka su ne ma'abota ciwon, adadin bai kai kashi 2 ba. Likitocin da ke kula da su sun bayyana sababin ga wasunsu, cewa wadda ba ta son jikin mace takan hana kanta abinci don ƙirji da ƙugu su ƙi fitowa, haila kuma ta ɗauke.

Mai gaggawar hukunci zai tsaya a nan ya ce, to ai ga shi nan, duk wanda ya kauce wa hanyar jinsinsa ya jawo wa kansa cuta. Amma akwai wata hujja da ba ta bar wannan hukunci ya zauna daram ba. A 2016 Jerel Calzo da abokan aikinsa suka koma kan waɗancan 'ya'yan ma'aikatan jinya, suka jera su gwargwadon yadda kowa ya dace da sigar da al'umma ta yanka wa jinsinsa, tare da cire tasirin karkatar sha'awa daga lissafin, sai suka tarar cewa 'yan matan da suka fi kowa cika sigar mace su suka fi shan maganin wankin ciki don rage nauyi, samarin da suka fi kowa cika sigar namiji kuma su suka fi shan kayan gina tsoka. Watau mizanin yana cin wanda ya faɗi a kansa, yana kuma cin wanda ya fi kowa yi masa biyayya. Yarinyar da kowa ke yabo da cewa ta cika mace ta san da me ta sayi yabon, tana kuma tsoron ranar da za a janye shi. Saurayin da ake yi wa kirarin mazantaka a filin wasa ya san akwai wani a bayansa da ya fi shi faɗin kafaɗa. A ganina wannan ita ce mas'alar da ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ta fitar da zancen daga wani ɗan rukuni da mai karatu zai iya cewa ba ruwansa da su, ta shigar da shi kowane gida da ke da ɗa ko 'ya.

Masana sun kawo bayani biyu a kan abin da ya sa nauyin ya fi danne waccan ƙaramar jama'a ta masu karkata ga jinsinsu, kuma ba na ganin ɗayansu ya kore ɗaya. Na farko na Ilan Meyer ne, wanda ya shimfiɗa shi a 1995 ya kuma faɗaɗa shi a 2003, cewa mutumin da ke rayuwa cikin jama'ar da ke ƙyamarsa yana ɗauke da wani kaya na musamman bayan kayan da kowa ke ɗauke da shi: akwai cin zalin da ake yi masa a zahiri, akwai zaman ɗar-ɗar na jiran cin zalin ko da bai zo ba, akwai wahalar ɓoye kai dare da rana, sa'an nan akwai mafi muninsu, wato ya wayi gari ya yarda da abin da ake faɗa a kansa, ya koma yana ƙin kansa da kansa, kuma wannan kaya, in ya daɗe, yakan fita ta hanyar baƙin ciki da shaye-shaye da azabtar da jiki. Blashill da Safren sun sami abin da ke ƙarfafa wannan, domin sun ga wani sashe na bambancin da ke tsakanin samarin nan yana tafiya ne tare da yawan tsangwamar da aka yi musu, da ciwon damuwa, da shan wasu kayan maye. Ba wuya a gane hikimar yaron, ko da hikimar banza ce: an ce masa ya yi laushi, ana tare shi a bayan aji, to bari ya gina jikin da zai rufe bakin masu magana ya kuma tsorata masu duka. Bayani na biyu kuwa Michael Siever ne ya gwada shi a 1994 a kan ɗaliban jami'a, ya ga cewa waɗanda suka fi damuwa da surar jikinsu su ne masu neman su burge namiji, mata ne su ko maza, saboda idon namiji ya fi na mace tsananta wa sura. Sai dai ya kamata mai karatu ya riƙe cewa irin waɗannan nazarce-nazarce suna nuna abubuwan da ke tafiya tare ne, ba su yanke cewa wannan ne ya haifi wancan ga kowane yaro ba, kuma mafi yawan waɗannan matasa, ko a rukunin da alƙaluma suka fi muni, ba su taɓa shan komai ba.

Yanzu sai mu duba abin da waɗannan hanyoyi ke yi wa jiki, domin a nan ne jahilci ya fi yin ɓarna. Maganin wankin ciki a babban hanji yake aiki, alhali amfanin abinci a ƙaramin hanji ake tsotse shi, kafin ya iso can. Saboda haka mai shansa don ya rame tamkar wanda ya zo tsaron rumbu ne bayan an kwashe hatsi, ya tsaya yana sharar ƙaiƙayi. Nauyin da yake gani ya ragu a kan sikeli ruwa ne, wanda zai dawo da zarar ya sha, amma tare da ruwan nan gishirin fotashiyam yake fita, wanda da shi ne bugun zuciya ke daidaita, kuma in ya yi ƙasa ƙwarai zuciya tana iya rikicewa ta tsaya ba tare da wani gargaɗi ba. In kuwa aka daɗe ana sha, hanji yakan saba har ya kasa aiki sai da shi, ƙoda kuma ta jigata. Amai da gangan shi ma yana zubar da wannan gishiri, ruwan ciki mai tsami yana cinye haƙora ta ciki, gefen muƙamuƙi yana kumbura, kuma bayan yatsun hannu yakan yi kanta saboda gugar haƙori, alamar da ake kira da sunan Gerald Russell, likitan Ingila da ya siffanta bulimiya a 1979. Sitiroyid kuwa kwaikwayon sinadarin mazakuta ne, kuma idan jiki ya ga an cika shi da na waje sai ya daina yin nasa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, nono ya fito wa namiji, ƙuraje su cika baya, hanta da jijiyoyin zuciya su lalace. Ga yaron da bai gama girma ba kuma yana iya rufe bakin ƙashi da wuri, ya tsaya a tsawon da bai kai nasa ba har abada. Ranar da ya daina kuma sai kasala da baƙin ciki su rufe shi, abin da ke mayar da da yawa ga allurar sitiroyid ɗin. Ba kuma za a ce ai ɗan gwaji ne na ƙuruciya ba, domin wani nazari na 2020 a kan 'yan mata da mata fiye da 10,000 ya nuna wadda ta fara shan ƙwayar rage ƙiba ko maganin wankin ciki don rage nauyi ta fi wadda ba ta sha ba haɗarin a tabbatar mata da ciwon cin abinci cikin shekara ɗaya zuwa uku, da ninki biyar zuwa shida. Anoreksiya kuwa tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafi kisa: wani nazari na 2011 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna mace-macen masu ita sun ninka na tsararrakinsu kusan sau shida, kuma ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu shi ya kashe kansa.

Duk inda aka sami tsoro irin wannan, za a sami mai sayar da maganinsa. A 1994 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ba masu yin abin da ake kira ƙarin abinci damar kai hajarsu kasuwa ba tare da sun fara tabbatar wa hukuma cewa tana aiki ko ba ta cutarwa ba, sai dai hukuma ta biyo baya in ɓarna ta bayyana. Da haka ne ƙwayoyin rage ƙiba masu ɗauke da ganyen efedira suka yi shekaru a kan kanta, har sai da mutane suka mutu, cikinsu har da ɗan wasan ƙwallon baseball Steve Bechler, mai shekara 23, a watan Fabrairu na 2003, kafin a haramta su a 2004. Sai a 2023 jihar New York ta zama ta farko da ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba ƙwayoyin rage ƙiba da na gina tsoka, dokar ta fara aiki a watan Afrilu na 2024. Hotuna kuma suna yi wa kasuwar talla kyauta. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin da kansa ya gano cewa, a cikin 'yan matan da ke jin ba su gamsu da jikinsu ba, kusan ɗaya cikin uku ta ce Instagram yana ƙara mata wannan jin. Wanda ke zaton al'adarsa za ta kare shi, ya dubi tsibirin Fiji, inda mutane tun kaka da kakanni suke son cikar jiki suna ganin rama alamar rashin lafiya: Anne Becker ta tambayi 'yan matan makaranta a lardin Nadroga a 1995, makonni kaɗan bayan isowar talabijin, ba ta sami ko ɗaya mai yin amai don rage nauyi ba, da aka sake tambaya a 1998 sai aka sami kashi 11 cikin ɗari.

Alƙaluman da muka kawo na Amurka ne, kuma zalunci ne ga ilimi a kwashe su a ɗora wa Kano ko Damagaram. Amma illar da ke ƙarƙashinsu ba baƙuwa ba ce a wurinmu, sai dai mizaninmu ya fi karkata ga cika. Rebecca Popenoe, a littafinta na 2004 a kan Larabawan Azawak na Jamhuriyar Nijar, ta bayyana yadda ake fara ɗura wa yarinya madara da kunun gero tun daga lokacin da ta fara famfara, don ta yi ƙibar da ake so ga matar aure. A biranenmu kuwa ƙwaya ta maye gurbin ƙwarya, domin babu wanda bai ji labarin sha-ka-fashe ba, wanda galibi haɗi ne na maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki, da dekzametazon, maganin da likita ke bayarwa don kumburi da asma da wasu manyan cututtuka. Ƙibar da dekzametazon ke kawowa ta ruwa ce da kitsen da ke taruwa a fuska da ciki da doron wuya, hannuwa da ƙafafu kuwa su sirance, sa'an nan ga hawan jini, ga ciwon sukari, ga raunin ƙashi, ga faɗuwar garkuwar jiki, ga fata ta yi laushi ta tsattsage. Yarinyar da ke shansa gabanin biki don kada dangin miji su ce an kawo musu ramammiya, da yarinyar Amurka da ke shan maganin wankin ciki, umurni ɗaya suke bi, na cika sigar mace kamar yadda garinsu ya yanka ta. Haka kuma yaron da aka laƙaba wa ɗan daudu tun yana aji uku saboda siririyar murya, in ya girma ya shiga gidan ɗaga ƙarfe ya faɗa hannun mai sayar da allura, ba sai an je Amurka ba kafin a gane abin da ya kai shi. Bambancin da ke akwai shi ne, a Nijeriya, inda dokar da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2014 ta tanadi ɗauri har na shekara 14 a kan auren jinsi, ga kuma dokokin shari'a na jihohin Arewa, matashin da ke ɗauke da wani sirri a zuciyarsa zai fi kowa gudun likitan da ya fara da tambayar sirrin.

Hukuncin ayyuka yana hannun fuƙaha'u, kuma ba shi ne bahasin wannan babi ba. Abin da nake cewa bai wuce abin da su fuƙaha'un suka tabbatar ba, tun daga Imamu Gazali har zuwa Shaɗibi, cewa kiyaye rai da kiyaye hankali suna cikin larurori biyar da shari'a ta zo don tsare su, kuma Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi ba tare da ta ware wani da aka halatta a yi masa ba. Uban da ke yi wa ɗansa ba'a a gaban baƙi don ya gyara tafiyarsa, da malamin makarantar da ke jin ana kiran yaro da sunan mata ya yi murmushi ya wuce, da gwaggon da ke tsokanar 'yar ɗan'uwanta da cewa wa zai kwashi wannan ƙasusuwa, kowannensu yana zaton tarbiyya yake yi. Abin da bincike ya nuna kuwa shi ne irin wannan magana ba ta sauya muryar kowa, amma tana cikin abubuwan da ke tura yaro ga ƙwaya da allura.

Saboda haka ina kira ga iyaye da malamai da ma'aikatan lafiya da su sa ido a kan alamomin da ke bayyane, su bar abin da ke ɓoye ga Mai sanin gaibu: yaron da nauyinsa ya sauya farat ɗaya, sama ko ƙasa, wanda ya daina cin abinci tare da 'yan gida, ko yake tashi zuwa makewayi da zarar an gama, wadda hailarta ta ɗauke, ko fuskarta ta yi fam alhali ƙafafunta sun sirance, saurayin da tsokarsa ta fashe cikin 'yan watanni tare da ƙuraje a baya da saurin fushi. A tambaye shi abin da yake sha, cikin sirri da sanyin murya, a karɓi kwalbar a tafi da ita asibiti tare da shi, a nemi a auna masa jini da bugun zuciya. Kada kuma wanda ya kama 'yarsa da dekzametazon ya ƙwace ya zubar a rana ɗaya, domin jikin da ya daɗe yana karɓarsa ya riga ya rage yin irinsa na kansa, yanke shi kwatsam yana iya faɗar da jini har ya kai ga halaka. Likita ne zai riƙa rage shi kaɗan-kaɗan har a rabu da shi.